Man kare fata daga rana: Shin da gaske shi ke kashe murjanin teku?

Duk baƙon da ya sauka a Palau, wata 'yar ƙasa ta tsibirai a yammacin Tekun Fasifik wadda mutanenta ba su kai 20,000 ba, akwai wani abu a jakarsa da jami'ai ke da hurumin ƙwacewa, ko da kuwa bai taɓa jin an lasafta shi cikin haramtattun kaya a wata ƙasa ba. Abin nan shi ne man da ake shafawa domin kare fata daga ƙunar rana. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2020 dokar ƙasar ta hana shigo da shi ko sayar da shi muddin yana ɗauke da ɗaya daga cikin wasu sinadarai 10, kuma mai kantin da aka kama yana sayarwa zai iya biyan tarar Dala 1,000.

Dalilin da gwamnatin Shugaba Tommy Remengesau ta bayar a 2018, shekarar da aka sanya wa dokar hannu, shi ne murjani. Arzikin Palau a ƙarƙashin ruwa yake. Baƙi na biyan maƙudan kuɗi su zo su yi nutso domin kallon duwatsun murjani da kifayen da ke zaune a cikinsu, kuma akasarinsu kan shiga ruwan ne jikinsu shafe da mai. Masu dokar suka ce idan aka tara abin da ke wankewa daga jikin mutane a wuri guda kowace rana, to guba ce ake zuba wa abin da aka zo kallo.

Ba Palau kaɗai ta bi wannan hanya ba. A watan Yulin 2018 Gwamna David Ige na Jihar Hawayi a Amurka ya sanya hannu kan dokar da ta hana sayar da man da ke ɗauke da sinadaran oksibenzon da oktinozet, ta kuma fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2021. Tailan ta kafa tata a watan Agustan 2021, inda ta haramta sinadarai huɗu a gandayen tekunta, da tarar da ke iya kaiwa baht 100,000, abin da ya kamata 'yan kasuwarmu masu zuwa Bankok sarin kaya, waɗanda kan ɗan leƙa bakin teku kafin su dawo, su riƙe a zuciya. A Jihar Fulorida kuwa labarin ya sha bamban. Birnin Key West ya zartar da irin wannan hani a 2019, amma majalisar jihar ta soke shi a 2020 tun kafin ya fara aiki, bisa hujjar cewa hana mutane man zai ƙara yawan masu kamuwa da sankarar fata.

Nan gizo ke saƙar. Mai nutso na buƙatar kariya daga rana fiye da yawancin mutane, sai ga shi ana cewa kariyar tasa ce ke lalata wurin da yake zuwa kallo, ko ma inda yake neman abinci idan nutson sana'arsa ce. Tambayar ita ce, ina gaskiyar zargin take, kuma yaya girmansa yake?

Dabba ce, ba dutse ba

Mai karatu ya san murjani a wuyan mata da cikin kayan lefen da can, kuma Alƙur'ani ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Wancan jan murjani na ado, wanda sarakunan Bini ma suka shahara da shi, galibi daga Bahar Rum ake tsamo shi, inda yake tsirowa kamar 'yar bishiya a wurare masu duhu. Wanda ake magana a kansa a nan ɗan uwansa ne da ke zaune a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi, kuma shi ne maginin manyan duwatsun da ke ƙarƙashin teku.

Ko da yake ido na ganin dutse, murjani dabba ce. 'Yar halitta ce mai taushin jiki, wadda sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ko ta wake girma ba, da baki a tsakiya kewaye da 'yan hannuwa. Tana zuƙo sinadarin kalsiyam daga ruwa ta gina wa kanta ƙoƙon dutse ta zauna a ciki, irin dutsen farar ƙasar nan da ake yin siminti da shi. Dubbai ne ke zama manne da juna, na baya suna gini a kan ƙasusuwan na farko. Ginin ba ya sauri. Nau'in da ke yin rassa kan ƙaru da kusan santimita 10 a shekara, mai dunƙulewa kamar tulu kuwa da ƙyar yake haura santimita 2. Da haka, cikin dubban shekaru, aka samu Babbar Katangar Murjani ta Ostireliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300.

Sirrin rayuwarsa wani zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. A cikin naman murjanin akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Murjani ya ba su masauki, su kuma su haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganye ke yi, su ciyar da mai masaukin, har kusan kashi 90 cikin 100 na abin da yake buƙata. Su ne kuma ke ba shi launi. Idan wani abu ya takura wa murjanin, musamman zafin ruwa, sai zaman ya ɓaci ya kore su. Namansa ya zama garai-garai, farin ƙashinsa ya bayyana. Wannan shi ne koɗewar murjani, wadda Turawa ke kira da kalmar nan da muka aro muka mayar bilicin. Murjanin da ya koɗe bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwan ya huce da wuri gansakukar kan dawo, in kuwa aka ɗauki makonni to sai mutuwa.

Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na shimfiɗar ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa garuruwan gaɓa, suna ciyar da masunta, kuma wani nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe idon da ya rataya a kansu na samar da kimanin Dala biliyan 36 a shekara. Gaɓar Najeriya ba ta da irinsu, domin laka da ruwan daɗin da Kogin Neja da sauran koguna ke kwararawa cikin teku ba su yi wa murjani daɗi. Waɗanda suka fi kusa da saninmu su ne na Bahar Maliya, tekun da jiragen alhazai ke ƙetarawa gab da sauka Jidda. Ras Muhammad da ke kusa da Sharmul Shaikh a Masar na cikin wuraren nutso mafi shahara a duniya, kuma a 2016 Hukumar UNESCO ta sanya Sanganeb da Dungonab na gaɓar Sudan cikin kayan gadon duniya.

Abin da rana ke yi wa mai nutso

Wani zai ce wanda ke ƙarƙashin ruwa me ya haɗa shi da rana? Abin da ke ƙona fata ba zafin da jiki ke ji ba ne, wani ɓangare ne na hasken rana da ido ba ya gani, mai suna ultrabayolet, ko UV a taƙaice. Iri biyu ne ke iso mu. UVB shi ne mai ƙona saman fata, UVA kuma ya fi kutsawa ciki, yana tsofar da ita, kuma dukansu biyu na da hannu a sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zurfin rabin mita cikin ruwa ƙarfin wannan haske na nan da kusan kashi 40 cikin 100 na yadda yake a sama. Busasshen yashin gaɓa na maido da kusan kashi 15, kumfar teku kuma kusan kashi 25, wato mutum na shan hasken ta sama da ta ƙasa. Gajimare marar kauri ma bai tare shi.

Masu nutso iri biyu ne a nan. Akwai mai goya tukunyar iska ya nitse mita 20 ko 30. Shi ba a ƙasan yake ƙonewa ba, a kan jirgin ruwa ne, domin dole ya huta tsakanin nutso da nutso, sau da yawa sa'a guda ko fiye, kafin iskar naitirojin da ta taru a jikinsa ta ragu, kuma hutun nan kan faɗo ne da tsakar rana. Sai kuma mai kwanciya rub da ciki a saman ruwa yana numfashi ta bututu yana kallon ƙasa. Wannan shi ya fi shan wahala. Ƙeyarsa da gadon bayansa da bayan ƙafafunsa na fuskantar rana kai-tsaye, ruwa kuma na sanyaya masa fata, don haka ba ya jin komai sai dare ya yi ya kasa kwanciya rigingine. Su kansu masu jagorantar baƙi da matuƙan jirage a haka suke wuni, kusan kowace rana ta shekara.

Lamarin ba na wasa ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 an gano sankarar fata a jikin mutum fiye da miliyan 1.5, fiye da 120,000 kuma sun mutu ta dalilinta. Farar fata ce ta fi shiga haɗari. Baƙar fata na da garkuwar da Allah Ya hore mata, amma ba cikakkiya ba ce, kuma akwai mutum biyu a cikinmu da ba su da ita: zabaya, waɗanda sankarar fata ke yi wa kisan mummuƙe a faɗin Afirka, da masu shafe-shafen bilicin da suka kankare tasu da hannunsu. Saboda haka duk wanda ya ce maganin matsalar shi ne a daina shafa mai kawai, bai yi wa waɗannan adalci ba.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji

Man kariyar kashi biyu ne. Kashi na farko na amfani da sinadaran da ke shanye hasken UV su mayar da shi ɗan ɗumi, kuma oksibenzon da oktinozet a nan suke. Na biyun na amfani da garin ma'adinai, wato zinki oksaid ko titaniyom dayoksaid, waɗanda su ma shanye mafi yawan hasken suke yi, su watsa sauran. Zargin ya fi faɗawa kan kashi na farko.

Wanda ya fara tayar da ƙura shi ne Roberto Danovaro, masanin halittun teku daga Ankona a Italiya. A 2008 shi da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a wurare huɗu, a Meziko da Indunusiya da Tailan da kuma Ras Muhammad. Sun sa gutsattsarin murjani cikin leda mai ruwan teku suka zuba man, cikin 'yan kwanaki murjanin ya koɗe fat. Bayaninsu shi ne sinadaran na tayar da wasu ƙwayoyin bairos da ke kwance luf a cikin gansakukar, su hayayyafa su fasa ta. Sun kuma ƙiyasta cewa tan 4,000 zuwa 6,000 na man ke wankewa a yankunan murjani kowace shekara.

A ƙarshen 2015 wani Ba'amurke, Craig Downs, ya fitar da binciken da ya fi kowanne tasiri a kan 'yan majalisa. Shi jariran murjani ya duba, 'yan mitsi-mitsin da ke yawo cikin ruwa kafin su sami wurin maƙalewa. Ya ga oksibenzon na nakasa su, yana lalata musu ƙwayoyin gado, har ya sa wasu su lulluɓe kansu cikin ƙashinsu su mutu. Ya ce illar na iya farawa daga ɗan abin da bai wuce ɗigo guda cikin manyan tafkunan gasar ninƙaya shida da rabi ba. A gaɓar Trunk Bay da ke Tsibiran Birjin na Amurka, inda baƙi ke cunkoso, ya auna har miligiram 1.4 a lita guda ta ruwa, adadin da ya ninka wancan sau dubbai.

Abin da ya rage a duhu shi ne yadda sinadarin da aka ƙera domin ya tare haske yake zama guba. Masana a Jami'ar Istanfod suka ba da amsa a mujallar Science a watan Mayun 2022. Sun yi gwajin da furen teku, wata dabba 'yar uwar murjani da ta fi sauƙin kiwo. Sai suka ga jikin dabbar, a ƙoƙarinsa na fitar da baƙon sinadarin, yakan maƙala masa sukari, wannan kuma ya juya shi ya koma wani abu da ke ɗaukar ƙarfin hasken rana ya ƙona naman da ke kewaye da shi. Duk waɗanda aka sa wa oksibenzon a ƙarƙashin haske sun mutu cikin kwana 17, waɗanda aka kare daga hasken UV kuwa ba abin da ya same su. Abu mafi ɗaukar hankali shi ne gansakukar na tsotse gubar ta kare mai masaukinta, don haka waɗanda ba su da ita sun fi saurin mutuwa. Ma'ana, murjanin da zafi ya riga ya koɗar shi ne sinadarin zai fi yi wa illa.

Ba ta jikin mai ninƙaya kaɗai sinadarin ke isa teku ba. Fata na tsotse oksibenzon ya fita ta fitsari, kuma wani bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da aka wallafa a 2008 ya same shi a fitsarin kusan kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Ana kuma sa shi a wasu kayan kwalliya da robobi. Don haka otel ɗin da ke bakin teku wanda ba ya tace ruwan bayan gidansa da kyau na iya zuba shi a kan murjani ko da baƙinsa ba su tsoma ƙafa a ruwa ba.

Inda masana suka rabu

Leda ko kwalbar gwaji ba teku ba ce, kuma a nan ne gardama ta kaure. A kwalba sinadarin na nan zaune tare da dabbar dare da rana. A teku kuwa igiyar ruwa na kwashe shi ta tsarma shi cikin sa'o'i. Masu suka sun nuna cewa yawancin gwaje-gwajen sun yi amfani da adadin da ya zarce abin da ake samu a mafi yawan wurare nesa ba kusa ba. Carys Mitchelmore ta Jami'ar Maryland ta auna ruwan da ke kewaye da tsibirin Oahu na Hawayi ta wallafa a 2019, kuma abin da ta samu ya yi ƙasa ƙwarai da alƙaluman Downs. A watan Agustan 2022 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da dogon rahoto a kan batun. Ba ta wanke sinadaran ba, ba ta kuma yanke musu hukunci ba. Ta ce bayanan da ke hannu ba su isa ba, ta nemi hukumar kare muhalli ta ƙasar ta yi cikakken nazarin haɗarinsu, sannan ta yi gargaɗi kada a tsorata jama'a su bar kare fatarsu.

Farfesa Terry Hughes na Jami'ar James Cook a Ostireliya, wanda ya sha zagaya Babbar Katangar da jirgin sama yana ƙidayar ɓarna, ya fi kowa kaushin harshe. A ganinsa an bar jaki ana dukan taiki. Hujjarsa mai ƙarfi ce. A koɗewar 2016, wadda ta kashe kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin ruwa marar zurfi na Katangar, ɓangaren arewa ne ya fi shan kashi, wato inda ya fi nisa da otel-otel da masu yawon buɗe ido. Taswirar ɓarnar ta bi taswirar zafin ruwa sau da ƙafa, ba ta bi ta masu shafa mai ba.

Ƙarin digiri 1 kacal a ma'aunin Salsiyos a kan zafin da murjani ya saba da shi a lokacin bazara, idan ya ɗore na wasu makonni, ya isa ya koɗar da shi. An yi koɗewar da ta game duniya a 1998 da 2010 da kuma 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka ta sanar da ta huɗu. Shekara guda bayan nan aka bayyana cewa zafi mai iya koɗarwa ya shafi kusan kashi 84 cikin 100 na yankunan murjani na duniya. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya riga ya faɗa tun 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 na murjanin, in ta kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99. Babu kwalbar man da za ta yi wannan aika-aika, hayaƙin gawayi da fetur da iskar gas ne.

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne man kariya ƙaramar matsala ce a ma'aunin duniya, amma yana iya zama babba a wasu keɓaɓɓun wurare, kamar 'yar lungun gaɓa marar zurfi wadda ruwanta ba ya sauyawa da sauri, kuma mutum dubu biyu ko uku ke shiga kowace rana. Ba laifi ba ne gwamnatin ƙaramin tsibiri ta hana abin da take da ikon hanawa, tunda ba ta da iko a kan hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe. Laifin shi ne a bar baƙon da ya yi tafiyar sa'o'i 15 a jirgin sama ya ɗauka cewa ya sauke nauyin da ke kansa don kawai ya sauya kwalba.

Rubutun jikin kwalba

Kasuwa ba ta jiran masana su gama gardama. Tun bayan dokar Hawayi kwalabe suka cika da tambarin cewa man ba ya cutar da murjani, wato reef safe kamar yadda ake rubutawa a jikinsu. Ya kamata mai saye da mai saro kaya su sani cewa babu wata ma'ana da doka ta tsayar wa wannan kalma, babu kuma gwajin da ya wajaba kamfani ya ci kafin ya manna ta. Sau da yawa abin da take nufi kawai shi ne an cire sinadarai biyun da Hawayi ta hana an maye gurbinsu da 'yan uwansu da ba a yi wa bincike sosai ba. Abin dubawa shi ne jerin sinadaran da ke bayan kwalba, inda oksibenzon kan zo da sunan oxybenzone ko benzophenone-3, oktinozet kuma da octinoxate ko ethylhexyl methoxycinnamate.

Na ma'adinai shi ake ganin ya fi dama. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce zinki oksaid da titaniyom dayoksaid ne kaɗai take da isassun bayanan da za ta kira su amintattu ga jikin mutum, kuma gundumar Maui ta Hawayi ta hana duk wani man da ba na ma'adinai ba daga Oktoban 2022. Duk da haka shi ma ba wankakke ba ne sarai. Abokan aikin Danovaro sun nuna a 2018 cewa zinki oksaid da aka niƙa ya yi laushi matuƙa, ba a kuma lulluɓe ƙwayoyinsa ba, na iya koɗar da murjani a gwaji. Ga baƙar fata yana da wani aibi na daban, domin yakan bar mutum fari fat kamar ya yi birgima a toka, wanda hakan ke sa da yawa su ƙi shi ko su shafa kaɗan. Akwai mai ɗan launin ƙasa da aka yi domin rage wannan.

Wasu lambobi biyu na jikin kwalbar sun cancanci a fahimce su. Lambar SPF 15 na tare kusan kashi 93 na UVB, 30 na tare 97, 50 kuma 98, wato bambancin bai kai yadda farashi ke nunawa ba. Sannan babu man da ruwa ba ya wankewa. Dokar Amurka ta hana kamfani ya yi wannan iƙirari, abin da aka yarda ya rubuta shi ne man na jure ruwa na minti 40 ko 80.

Riga ta fi mai

Abin mamaki, a kan mafita ɓangarorin biyu ba su da saɓani, kuma mafitar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taso a inda ake tare rana da malafa da rawani da mayafi. Babban mutum da ke sanye da gajeren wando kaɗai na buƙatar kusan mililita 30 na mai domin ya rufe jikinsa, kuma ya sake shafawa duk bayan sa'a biyu ko bayan fitowa daga ruwa. Idan ya sa rigar ninƙaya mai dogon hannu da wando har idon sawu, abin da ya rage a buɗe fuska ne da wuya da bayan hannu. Yadin da aka rubuta wa UPF 50 na tare kashi 98 na hasken, ba ya wankewa, ba a sake shafa shi, kuma yana kare mutum daga harbin halittun ruwa. Rigar roba ta masu nutso mai zurfi kuwa haske ba ya ratsa ta sam. A kan jirgi sai a nemi inuwar rumfa da hula mai faɗin baki da tabarau, domin hasken UV na cikin abubuwan da ke kawo yanar ido.

Ɗan abin da za a shafa a fuska a shafa shi minti 15 zuwa 30 kafin shiga ruwa domin ya kama fata. Na fesawa ya fi ɓarna, saboda mai yawa daga cikinsa a kan yashi yake sauka, ruwa ya zo ya kwashe.

Ƙwararrun masu jagorantar nutso kan ƙara da wani abu da suka ce ya fi man muhimmanci, wato abin da mutum ke yi da gaɓoɓinsa. Bugu ɗaya da takalmin ninƙaya na karya reshen da ya ɗauki shekaru yana girma. Tsayawa a kan murjani domin gyara gilashin fuska, ko dafa shi domin ɗaukar hoto, na kashe naman da ke samansa, ƙugiyar da jirgi ke jefawa domin tsayawa kuma na iya nome fili guda. Binciken da aka yi a Ras Muhammad tun shekarun 1990 ya nuna cewa ɗan gajeren jawabi ga baƙi kafin su shiga ruwa na rage yawan taɓa murjani sosai.

Tailan ta gwada wannan a gaɓar Maya, wadda wani fim na Leonardo DiCaprio ya fito da sunanta a 2000, har ta kai dubban mutane na sauka a cikinta kowace rana. Da murjaninta ya kusa ƙarewa, hukuma ta rufe ta a watan Yunin 2018, da niyyar wata huɗu, amma ba a sake buɗe ta ba sai Janairun 2022. A tsakanin nan an dasa sabon murjani, ƙananan kifayen shak masu baƙin tukwici a fiffike suka dawo suna haihuwa a wurin. Da aka buɗe, an hana jirage shiga ta bakin gaɓar, an ƙayyade yawan baƙi da tsawon zamansu, an kuma hana ninƙaya gaba ɗaya. Baƙo na iya tsoma ƙafarsa a bakin ruwa ya ɗauki hoto, amma da ya nausa ciki ma'aikacin gandu zai busa masa usur ya dawo.